Zuwa ga Baba, kan lisen da ka kai ni

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Allah, ɗiyarka Hadiza ce daga Lyon. Inna lafiya lau, sai ciwon gwiwa. Yaya Sani yana nan Sevran da iyalinsa.

Labarin lisenmu, makarantar sakandaren da na yi, na kawo maka. Shugabarmu ta ce in rubuta tarihin makarantar, tunda yanzu ni ce malamar tarihi. Sati uku ke nan ina cikin tsofaffin takardu.

Ashe maser huɗu ne suka kafa ta, matan nan na Katolika da ba sa aure. A gidan haya suka fara, don 'yan matan masaƙa waɗanda ba su da mai koya musu karatu. Masaƙa fa, Baba, kamar kakanka a Damagaram. Daga baya aka gina azuzuwa, aka soma karɓar maza, maser suka tsufa suka ragu, malamai irina suka gaje su.

Ina tuna ranar da ka kai ni. Mun hau taram, jirgin ƙasan cikin gari, daga Bron, kana cikin rigarka mai ruwan toka. Da ka ga gicciye bisa ƙofa ka tsaya, ka daɗe a tsaye, har na ɗauka gida za mu koma.

Sai bayan rasuwarka Inna ta gaya mini abin da ka sha a unguwar Guillotière. Abokanka suka ce ka kai ni a canza mini addini. Alhaji Isufu ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarka, kai kuma ba ka daina gaishe shi ba.

Ka tuna Maser Odile, tsohuwa mai sanda? Ita ta iske ni ina sallar azahar ƙarƙashin matakala, cikin sanyi. Washegari ta miƙo mini makullin ɗakin taswirori, in riƙa salla a ciki. Shekara uku ba ta taɓa yi mini zancen coci ba. Duk Babbar Sallah kana aika mata da kilishi, kana cewa, "Matar nan ta riƙe mini amana."

Ta rasu bana. Na je jana'izarta da kallabina, na zauna daga baya.

A cikin takardunta na ga wasiƙarka. Ban san ka rubuta mata ba, kai da ko takardar likita sai mun cika maka. Layi biyu ne da Faransancinka: ka ba su ɗiyarka ta yi karatu, su bar mata sallarta. Shekara ashirin tana ajiye da ita.

Na sa ta cikin littafin tarihin ba da izininka ba, ka yafe mini. Ban gyara kuskure ko ɗaya ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka, Ya sada mu a Aljanna.

Ɗiyarka da ke kewarka,
Hadiza