Ban Ga Ka Buɗe Shingen Ba, Ja'e

Da sunan Allah Mai rahama. Takarda ta fito daga Tanko manomi na Runka, zuwa ga amininsa Ja'e makiyayi, duk inda kiwo ya kai shi a ƙasar Zamfara. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta iyali da ta garke. Na ce amini, in har kunnenka zai iya jin kalmar daga bakina.

Ka san ban iya rubutu ba. Liman ne ke riƙe da alƙalami, na kuma roƙe shi kada ya gyara mini magana ko ɗaya. Fataken kanwa za su tafi da ita, ko Allah zai sa a karanta maka.

Ka tuna shekarun da kake sauke shanunka a gonata bayan girbi? Su ci kara su bar mini taki, gidanka a aiko da nono, gidana a aika da damin gero. Kana ce mini Kaɗo mai ƙaton ciki, ina ce maka mai ƙafar kara. Wallahi ban ƙara samun abokin dariya irinka ba.

Shekarar da ka kai garken gonar Mati maƙwabcina, ka tsallake tawa, abin ya ci ni. Ban tambaye ka dalili ba. Na haɗiye, ya zauna mini a ciki har damina ta sauka.

Ranar nan da hantsi, dawa ta yi ciki, ina dawowa daga fadama na hango shanu a gonar Mati. Na hango ka a bakin shinge ka sunkuya, reshen ƙaya a hannunka. Iyakar abin da na yarda idona ya gani ke nan, Ja'e. Ko tsayawa ban yi ba.

Da magana ta kai gaban alƙali, sau biyu ya tambaye ni: "Ka ga ya janye ƙayar har shanu suka shiga, ko ka tarar da shi yana riƙe da ita?" Na ce, Allah ya gafarta malam, ai duk ɗaya ne. Ya ce ba ɗaya ba ne, wanda ya ga tsakiyar abu kada ya shaidi farkonsa. Ni kuwa, kaito, na dafa Littafi na ce na ga ka buɗe.

Aka karɓi shanu biyu aka ba Mati, har da jar saniyar da na sha nononta ya fi a ƙirga. Mai gari ya hana ku rijiya. Kafin kaka kun naɗe kaya. Ka biyo ta ƙofar gidana, ba zagi, ba tsinuwa, ka ce kawai: "Tanko, idonka dai lafiya ko?" Na ce lafiya lau. Ka gyaɗa kai ka wuce.

Shekara goma sha ɗaya ina gaya wa kaina ba ƙarya na yi ba, ƙarasa labari na yi.

To, daminar bana na iske awaki a gonar wani, iska ta ture shinge. Na kore su, na sunkuya in mayar da ƙaya, sai wata mata mai zuwa itace ta ƙwala ihu, wai ga Tanko na buɗe gonar mutane. Na sandare da reshen a hannuna. Ashe mai buɗewa da mai rufewa sunkuyonsu ɗaya ne!

Nan take abin da na binne ya dawo mini. Shanunka a ranar, kawunansu waje suke kallo. Sandarka tana yashe can cikin dawa, rigarka a yage, kana haki. Korarsu kake yi. Na gani, Ja'e, tun ranar na gani. Haushin taki ne ya sa na ƙi faɗi.

Na je wurin Mati na gaya masa. Juma'ar da ta wuce na miƙe a ƙofar masallaci na gaya wa jama'a. Alƙalin ya rasu, jar saniya ta daɗe da shiga tukunya. Kai kaɗai ka rage, kuma naka ne ya fi nauyi. Tsufa ya kama ni, idon da ka tambaya yanzu da gaske ya fara hazo, ina tsoron in tsaya gaban Ubangiji da wannan rantsuwa a wuyana.

Ba na cewa ka dawo. Ka yafe mini, ko da a bakin bafatake ne ka aiko da kalma ɗaya. In kuma ka riga ni gidan gaskiya, wanda ya karɓi takardar nan ya karanta wa 'ya'yanka, su san ubansu bai buɗe shingen kowa ba.

Allah ya albarkaci garkenka, ya tsare ka da shaidar mai kama da ni, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Karan gonata na bana ban sare ba, ban bar kowa ya shiga ba. Yana nan tsaye.

Wassalam. Naka, in ka yarda,
Tanko.