Awon Kwana Tara

Zuwa ga ƙanwata Munawwara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kina lafiya, Ya tsare mana ke a wannan ƙasa mai nisa. Mu nan Birnin Kudu lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma gonar riɗinta, matata Turai kuma ta sauka lafiya, mun sami mace.

Shirunki ne ya sa na ɗauki biro. Yau mako uku wayarki ba ta shiga, tun ranar da kika gaya mini cikin kuka cewa a binciken digirinki awon kwana tara ya ƙi bin sahun sauran, abokin aikinki kuma yana matsa miki ki share shi kafin malaminku ya gani. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Ranar Juma'a na je gida Dingaya, Baba ya tsare ni sai na faɗa masa abin da ke damunki. Na yi masa bayani gwargwadon sanina na malamin sakandare. Na ce kina raba ƙwayoyin haske biyu da suka fito tare, ɗaya dama ɗaya hagu, kowacce ta bi ta gilashin tacewa da kike juyawa, sai ki ƙirga sau nawa suka dace. Masana sun ce dacewar za ta wuce yadda tsohon lissafi ya yarda, kuma haka awonki ya nuna, ban da kwanakin nan tara.

Baba ya ce shekara arba'in yana awon hatsi a kasuwar Gwaram, in awo ya saɓa, mudun yake fara dubawa, sannan ya gaya wa mai kaya gaskiya. Ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Ki duba na'urarki, ki kai wa malaminku komai yadda yake. In digirin ya yi jinkiri, ya ce babu wanda zai tambaye ki dalili a gidan nan.

Inna da Turai da Kawu Yunusa suna gaishe ki. Ki sani, Baban da ba ya ƙaunar waya, yanzu kullum bayan la'asar yana kan tudun bayan gida inda sabis yake kamawa, da wayar Inna a hannunsa.

Naki yayanki,
Yahuza