Kwalbar Jinin Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya fama da kwalabe? Na zaɓi takarda ne don a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa.

Ina da ciki, wata uku. Umma ba ta sani ba tukuna, daga ni sai Malam sai ke. Kin san ni da shi kowa na ɗauke da rabin jinin sikila, kin kuma san shekara shidan da muka yi muna jinyar ɗanmu na fari kafin Allah ya karɓi abinsa.

Ranar Talata a wurin awo wata nas mai tabarau ta ja mu gefe, ta ce ana wani bincike, wai daga jinin hannun uwa ana iya gano irin jinin ɗan da ke ciki. Na sa hannu, ta cika kwalba, ta liƙa mata lamba. Da na duba saman takardar sai ga sunan ɗakin gwajin jinin da kike aiki. Lambata 214. Don Allah ki duba mini abin da ya fito.

Malam na gaishe ki.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na sami wasiƙarki. Ina taya ki murna, Allah ya raba lafiya.

Abin da nas ta faɗa gaskiya ne. Ɓurɓushin ƙwayoyin halittar ɗan tayi suna shiga jinin uwa, aikinmu shi ne mu tace su mu karanta. Wahalar ita ce, uwa irinki ita ma tana ɗauke da alamar sikila, kuma nata ya rinjayi na ɗan nesa ba kusa ba. Shi ya sa har yanzu gwajin ake gwadawa. Sai an haifi yaran, an auna jininsu, an kwatanta da abin da muka rubuta, sannan za mu san sau nawa muka yi daidai.

A shafi na biyu na takardar da kika sa wa hannu an ce ba a ba kowa sakamako. Na san ba ki karanta ba. Ni kuma an hana ni taɓa jinin wanda na sani, ga shi kin ba ni lambarki. Ba zan duba ba.

In kina son tabbaci, ki tambayi likitarki gwajin allura, wanda ake ɗaukar samfuri daga cikin mahaifa. Za ta yi miki bayanin haɗarinsa.

Ki gaida Malam.

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta iso, sai da na juya bayanta in ga ko akwai hatimin ofis.

Na ga likita. Ta zana mini hoto a bayan katin awo, ga jariri, ga cibiya, ga inda allurar za ta bi. Ta ce yawanci lafiya ake gamawa, amma wani lokaci cikin kan zube. Na ce, "Likita, ke da ke ce za ki yi?" Ta ce ba ita ke da cikin ba. Malam ya ce shi dai a bar allura inda take, abin da ya zo mu karɓa.

Kada ki ɗauka wani abu nake shirin yi da cikin nan. Sani kawai nake so. Wancan karon sai da hannayen ɗanmu suka kumbura yana wata takwas muka gane, bayan mun ɓata makonni muna shafa masa man zafi. Ke kika riƙe masa ƙafa ranar da aka fara ƙara masa jini. Yanzu sati biyu ke nan in na zauna kan keken ɗinki sai in ɗinka hannun riga a baibai.

Firijin da kuke ajiye kwalaben jini yana bayan kujerarki, Yaya. Ban ce ki yi sata ba. Jinina ne.

Auta

Auta,

Ina fatan kina lafiya, ke da Malam.

Na duba. Ranar Alhamis da aka fita cin abincin rana na buɗe kundin 214 a kwamfutar abokiyar aikina. Babu sakamako. Rabon ɗan tayi a jinin ya yi kaɗan, injin bai iya karantawa ba. Hakan na faruwa, kuma ba ya nuna alheri ko akasinsa.

Washegari na je na faɗa wa shugabar sashenmu da bakina. Ta saurare ni, ta cire tabarau, ta ce, "Da a ce kin ga wani abu, da kin gaya mata?" Na ce ban sani ba. An ɗauke ni daga binciken, an mai da ni ɗakin karɓar samfuri na wata shida. An kuma cire kwalbarki daga lissafi, saboda na buɗe kundinta.

Ban rubuto don ki ji nauyi ba, ni na buɗe kundin. Maganar allura taki ce da Malam. In kun bar ta, ki nemi a auna jinin jaririn a makon da aka haife shi, kada a jira alama. Wanda aka gano da wuri ana fara masa magani da wuri.

Ki faɗa wa Umma haka nan, ta riga ta fara yi mini tambayoyi.

Yayarki

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ba mu yi allurar ba, kin sani. Na sauka ranar Lahadi, mace, tana da gashi kamar naki.

Sun ɗiga jini daga dunduniyarta a kan wani ɗan kati, yau aka kira mu. Sikila ce. Malam ya fita baranda ya daɗe, sannan ya dawo ya tambayi likita yaushe za a fara maganin. An ba mu rana.

Tana shan nono sosai. Ki nemi izini a wurin aiki ki zo, ki taho da Umma.

Ƙanwarki,
Auta