Ƙaron Majen Kaka

Kafanchan,
Lahadi, bayan sujada.

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da Baba da su Jason. Yaya ƙafarki? Yaya ciyawar gonar citta? Ni lafiyata lau, koyon ɗinki yana tafiya. Anti Angelina tana gaishe ku.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, a waya kuma ba zan iya ba, don wayar ta Anti ce, kuma tana tsayawa kusa. Kafin Kaka ta rasu ta ba ni ƙaron maje, ɗan dunƙule kamar ƙwan zabo, a ƙulle cikin ƙyallen tsohon zanenta na Zumuntar Mata. Yana can ƙasan jakata. In kewar gida ta kama ni, sai in kwance shi in shinshina. Mama, fuskar Kaka ta fara ɓace mini, amma da na ji ƙamshin nan sai in gan ta sarai.

Ina tuna zuwanmu gindin majen nan na bayan rafi. Takan sassaƙa rami a jikinsa da ƙaramin gatarinta, ta cusa busasshiyar ciyawa ta kunna. Wuta kaɗan, wai ɗumama itacen ake yi, ba ƙona shi ba. Bayan kwanaki mu koma mu tarar ƙaro ya tsatso. In ta kwashe, ni ce mai kwaɓa laka in toshe ramin, don ta ce wanda ya yi wa itace rauni shi zai ɗaure masa. Mai mura ta turara masa. Mai faso ta narka da man kaɗanya ta shafa masa. Ni kuwa takan ce in tauna, ko Allah zai sa bakina ya buɗe.

Ga abin da ya dame ni. A gidan da muke haya akwai wata tsohuwa mai waina, Inna Raliya. Kullum sai ta ajiye mini guda mai zafi, tana kirana Sarauniyar Shiru. Tun farkon damina take tari. Ta sha maganin asibiti, zazzaɓin ya sauka, amma ƙirjin bai sake ta ba. Na ji tana gaya wa Anti cewa da za ta samu ƙaron maje irin wanda mahaifiyarta take turara musu, da ta ji dama. Ɗanta ya zaga kasuwa, wanda ya samo an cakuɗa shi da turaren kaya. Ina wurin ina wanke-wanke, na ci gaba da aikina kamar ban ji ba.

Mama, in na ba ta, ba ni da sauran komai na Kaka. Ki sa ni cikin addu'a.

'Yarki,
Afiniki.

Kafanchan,
Asabar.

Mama,

Ina sake gaishe ku cikin Ubangiji. Yaya gida, yaya ruwa? Direban motar Kagoma ya kawo mini acca da gaisuwarki, na gode.

Na ba ta. Da farko na so in miƙa wa Anti ta kai, sai na tuna dokar Kaka: ba a aika ƙaro, wanda ya kawo shi ne zai zauna da mara lafiya har hayaƙin ya mutu. Haka na yi sallama a ƙofar Inna. Na ɗebi garwashi a kasko, na gutsura kaɗan na zuba, na lulluɓe ta da zane yadda Kaka take yi.

Da ƙamshin ya tashi sai na ji tana kuka a ƙarƙashin zanen. Na tsorata, na zaci hayaƙin ne. Ashe mahaifiyarta ta tuna, da gidansu na Godogodo. Ta tambaye ni inda na samu, ni kuma na soma ba ta labarin Kaka, ban san na iya surutu haka ba. Har ta leƙo tana dariya, tana cewa ashe Sarauniya tana da harshe, rowarsa take yi.

Niyyata rabi zan ba ta. Amma kowace yamma sai in koma, har ya ƙare ƙaf. Tarin ya yi sauƙi, ta koma suyar waina. Ko maganin asibiti ne ko ƙaron, Allah ya sani. Ƙyallen kaɗai ya rage mini, ƙamshinsa ma yana tafiya. Ranar da na kakkaɓe shi na ƙarshe na yi kuka a bayan ɗaki, ba zan ɓoye miki ba.

Mama, ki roƙi Baba kada ya bar masu injin yankan katako su taɓa majen bayan rafi. Gatarin Kaka kuma yana rataye a rumbu, kada su Jason su ɗauke shi. Ban gaya wa Anti ba tukuna, amma da Kirsimeti zan zo gida, ni zan kunna wa majen wuta da hannuna. Na riga na wanke gwangwani biyu na ajiye. Ɗaya na Inna ne.

Ki gai da Baba da kowa da kowa. Ubangiji ya kiyaye mu.

'Yarki,
Afiniki.