Haƙorin da Ban Cire Ba

Talata, bayan Isha'i, Bukkuyum.

Yau na ƙi cire haƙori, kuma har yanzu daɗi nake ji. Wani mai haƙar zinari ne ya zo daga Tungar Guru, ya dafe kunci. Ya ce, "Likita, hidda shi kawai, mai kabu-kabu na jira na."

Har na ɗauko allura, sai na ga siririn baƙin layi a dasashinsa, irin hoton da nake bita saboda jarrabawar lasisi. Gubar dalma! Na tambaye shi inda yake niƙa dutse. Ya ce tsakar gida, inda 'ya'yansa ke wasa.

Na ba shi maganin ciwo, na tura shi gwajin jini. Ya fita yana ƙunƙuni.

Da la'asar sai ga shi ya dawo, riƙe da hannun 'ya'yansa uku, wai su ma a gwada musu jini.