Ki Nemi Kujerar Nan, Auta

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ƙafar da sauƙi? Ya maigidanki da yara? Ni lafiya lau, bayana ne kawai ke ɗan yi min gardama.

Jami'ar da nake aiki tana neman babban farfesa da zai jagoranci sabuwar cibiyar bincike, inda masana tarihi da harshe da adabi za su haɗa kai. Karatuna iyakarsa sakandare, amma da na karanta sanarwar na ce wallahi ƙanwata ake siffantawa. Ga ta na haɗo miki, ƙarshen wata ake rufewa.

Na san ki, za ki ce akwai waɗanda suka fi ki. Ni nake jera musu kujeru a taro, Farfesa, ina jin su. Ba su fi ki ba.

Shekara sha tara ina ce muku a ofis nake aiki. To, ofisoshin nake buɗewa, in share, in gyara famfo. Yau mutum shida ne a ƙarƙashina, kuma bayan Allah gumina ne ya kai ni. Duk da haka sati guda takardar nan tana aljihuna, don kada ki zo ki gan ni da tsintsiya. Daga baya na ji kunyar kaina.

Ki nema, ban da jan ƙafa. In kin zo, ki kira ni Yaya a gabansu, da ƙarfi. Inna kuwa ki bar min, da bakina zan faɗa mata.

Allah ya ba ki sa'a.

Yayanki