Riga Talatin da Hoton Kaka

Litinin, 4 ga Maris

Kwana biyar ke nan gawar Kaka tana asibiti a Kisumu. Ba za a binne ta ba sai Asabar ta sama, wai sai 'yan Nairobi sun samu hutu. Yau kwamitin jana'iza ya zauna a gindin mangwaro kan rigunan da za a buga da hotonta. Mai riga shi zai zauna a rumfar dangi, marar riga ya koma wajen baƙi. Kawu Omollo ya ce wanda ya biya shi za a rubuta. An rubuta mutum ashirin da takwas. Ni ina zuba shayi.

Shekara tara ina kwana a ɗakinta tun rasuwar Mama. To.

Talata, 5 ga Maris

Ni aka aika garin Ahero wurin Baba Odundo mai buga riguna, tunda ni ce "ba ta da aikin yi". Na daɗe a bakin ƙofa na kasa shiga, har ya ce, "Yarinya, inuwa kika zo sha ko aiki kika kawo?" Na miƙa takarda kawai.

Riga ɗaya shilin ɗari biyar, hoto baƙi da fari a gaba. In mai kala ake so, ƙarin ɗari. Rubutu a baya, ƙarin hamsin. Kaka takan yi kwana uku tana sayar da omena, ƙananan busassun kifin nan, ba ta ci ribar ɗari biyar ba. Da tana nan da ta ce a saya wa baƙi sukari.

Laraba, 6 ga Maris

Inna Apondi ta bugo daga Nairobi, ita riga shunayya take so. Inna Akumu ta ce fara. Kawu yana son ayar Zabura a baya amma ba ya son ƙarin hamsin. Sau biyu na koma Ahero yau. Kuɗin babur ɗin nan da an tara mini...

Alhamis, 7 ga Maris

Hoton da Inna Apondi ta turo na ranar bikin ita Innar ne, rabin hularta na cikinsa, Kaka kuma ta ɗaure fuska. An yarda da shi saboda ita ta biya wa mutum shida.

Juma'a, 8 ga Maris

An tsaya a kan fara, babu rubutu a baya. Da na kai saƙo Baba Odundo ya dubi takardar ya yi tsaki. Ya ce wahalar aikin duk a haɗa allon buga hoton take, sauran jan tawada ne kawai, shi ya sa daga talatin zuwa sama yake barin riga ɗari huɗu da hamsin. Wai ya gaya wa Kawu a waya, Kawu yana ta maganar shanun da za a yanka bai ji ba.

Na yi lissafi a bayan kalanda. Ashirin da takwas, dubu goma sha huɗu. Talatin, dubu goma sha uku da ɗari biyar. Sau uku na sake. Haka yake. Riga biyu sun ƙaru, kuɗi sun ragu.

Yanzu wa zai faɗa musu?

Lahadi, 10 ga Maris

Na faɗa, bayan coci. Tiren shayi na hannuna. Kawu ya ce, "Aoko, ɗaga murya, ba da tururuwa kike magana ba." Na maimaita. Ya danna wayarsa, ya sake dannawa, ya ce ashe firamare ba ta tafi a banza ba. Aka yi dariya. Sai ya ce, "Madalla, biyun da suka ƙaru, ɗaya ta Fasto, ɗaya ta matar cif."

Na kwashe kofuna na shiga kicin. Ɗaya ya fashe. Ban ce da gangan ba ne.

Talata, 12 ga Maris

Kawu ya ba ni jerin sunaye da kuɗi in kai Ahero. Na karɓa, amma ban tafi ba.

Na ce, "Kawu, ɗaya tawa ce."

Ya ce, "Kin biya?"

Na ce, "Na rage muku ɗari biyar. Rigar ɗari huɗu da hamsin ce."

Inna Akumu ta ajiye wuƙar yankan ganye ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Omollo, yarinyar nan har canjin hamsin tana bin ka." Kawu bai yi dariya ba. Ya ce shi ya riga ya yi wa matar cif alkawari, da wane ido zai kalle ta. Inna ta ce ya tambayi matar cif ɗin sau nawa ta wanke Kaka.

Ya karɓi takardar ya soke layi na ƙarshe. Bai dube ni ba ya ce, "Ƙarama ko matsakaiciya?"

Asabar, 16 ga Maris

An binne ta. A hoton rigar, tawada ta yi yawa a ido ɗaya, hular Inna Apondi kuma tana nan, amma dai Kaka ce. Na zauna a layi na biyu a rumfar dangi.

Da mai gabatarwa ya ce wa zai yi magana a madadin jikoki, duk suka sunkuya. Ban yi niyya ba, sai ga ni na miƙe ina magana. Kuma ban daɗe ba, bai fi minti biyu ba. Kawu bai ce in ɗaga murya ba.